Shukar da Ke Jure Zaman Ofis

A kowace makaranta akwai ɗaki guda wanda a ke kira ofis. A nan shugaban makaranta ya ke zama, a nan a ke ajiye rajista da alli da ƙararrawa, a nan kuma a ke karɓar baƙi. Haka nan akwai ofisoshi a asibiti da kotu da banki da sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda ya shiga irin waɗannan ɗakuna ya kan tarar wani lokaci an ajiye tukunya a gefen taga ko a bisa tebur, da shuka a cikinta. In shukar tana da lafiya, ganyenta kore shar, sai ɗakin ya yi kyan gani, idon da ya gaji da duban takardu ya sami wurin hutawa. Amma sau da yawa abin da a ke tararwa shi ne busasshen kara tsaye cikin tukunya, ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, har an mai da ita wurin zuba ɓawon gyaɗa.

Mutane su kan ce mai ofishin ne ba shi da hannun shuka. Ba kullum ne haka abin ya ke ba. Yawanci tun ranar da aka sayo shukar aka yi kuskure, gama an zaɓe ta ne don kyan furenta, ba a tsaya an tambaya ko za ta iya zama a ɗakin ba.

Ofis wuri ne mai wuyar zama ga shuka. Da farko dai ba kowa a cikinsa yawancin lokaci. Mako guda yana da awa 168. Idan ana buɗe ofis da ƙarfe 8 na safe, a rufe da ƙarfe 4 na yamma, kwana 5 a mako, to, awa 40 ke nan. Sauran awa 128 shukar tana nan ita kaɗai a kulle. In ofishin makaranta ne kuwa, ga hutun ƙarshen zango, ga babban hutu wanda ya kan wuce wata guda. Mutum in ya ji ƙishirwa sai ya tashi ya je randa. Shuka ba ta da ƙafa, ba ta kuwa da bakin da za ta kira masinja.

Sa'an nan ga ƙarancin haske. Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa ta ke haɗa ruwan da saiwa ta jawo da wata iska da a ke kira iskar kabon, ta mai da su abinci, hasken rana kuwa shi ne wutar girkin. In ba haske ba girki. Idon mutum yana yaudararsa a nan, domin ƙwayar ido ta kan buɗe in an shiga ɗaki, sai mutum ya ga kamar ɗakin da haske sosai. Alhali kuwa hasken da ke tsakiyar ofis bai kai kashi 1 cikin 100 na hasken da ke tsakar gida da rana tsaka ba. Gero ko tumatir in aka ajiye su a wurin, sai su yi ta miƙewa sirara, fari fat, suna neman taga, har su faɗi.

Akwai hanya mai sauƙi ta auna hasken ɗaki. Da hantsi a shimfiɗa farar takarda a daidai inda za a ajiye tukunya, a ɗaga hannu kamar taƙi guda a bisanta. Idan inuwar yatsu ta fito sarai har ana iya ƙirga su, wurin yana da haske mai yawa. Idan inuwar ta fito dishi-dishi, hasken matsakaici ne. Idan kuwa babu inuwa ko kaɗan, to, babu shukar da za ta daɗe a nan, sai dai ta roba. Tagar gabas ta fi kowace kyau, gama ranar safe ba ta da zafi. Tagar yamma a yi hankali da ita, musamman da bazara, cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Zinder. Ranar la'asar in ta ratso gilashi tana iya ƙone ganye.

Ga kuma bushewar iska. A jikin kowane ganye akwai kafofi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska. Yaron da ke son ya tabbatar sai ya sami farar leda, ya rufe reshen dalbejiya mai ganye da ita, ya ɗaure bakin da zare. Kafin a tashi daga makaranta zai ga cikin ledar ya yi gumi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke tasowa daga Sahara ta kan zuƙe ruwan ganye kamar yadda ta ke fasa leɓe da diddige. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki su ma suna ƙara busar da shi.

To, ashe shukar ofis sai ta jure abu biyu tare, ƙishirwa da inuwa. A nan wuyar ta ke. Shuke-shuken hamada suna jure ƙishirwa, amma rana su ke so. Na ƙurmi sun saba da inuwa, amma ba su saba da rashin ruwa ba. Waɗanda suka haɗa duka biyu kaɗan ne, saboda haka ya kamata a san su. Alamarsu ita ce suna da rumbun ajiye ruwa a jikinsu, ko a ganye mai kauri, ko a saiwa mai kumburi. Kowa ya san kuka, yadda ta ke tara ruwa a ƙaton gindinta ta ci rani da shi. Alayyafo kuwa ba shi da rumbu, yini guda in bai sha ba ya langaɓe.

Babbarsu duka ita ce moda, kuma ba baƙuwa ba ce. Asalin irin da aka fi ajiyewa a ofisoshin duniya daga Afirka ta Yamma ya ke, tun daga Nijeriya har zuwa Kwango. A daji a kan same ta a gindin itatuwa, da jikin suri, da tsakanin duwatsu, watau a wurin da ke da inuwa, ƙasar kuma ba ta riƙe ruwa. Ganyenta dogo ne a tsaye kamar takobi, mai kauri, da ratsi-ratsi a kwance. Saboda ratsin nan Turawa su ke ce mata shukar maciji. Suna kuma kiranta harshen suruka don tsininta, sunan da Bahaushe mai kunya ba zai so ya faɗa a gidan surukansa ba. Masana sun daɗe suna kiranta Sansevieria, amma a 2017 aka mai da ita cikin dangin da a ke kira Dracaena. Tun kafin wani ya yi tunanin sa ta a tukunya mutanen da suna fitar da zare mai ƙarfi daga ganyenta, su tuƙa igiya da tsarkiyar baka.

Moda tana da wata dabara wadda yawancin shuke-shuke ba su da ita. Sauran su kan buɗe kafofin ganyensu da rana, lokacin da zafi ke kwashe ruwa. Ita kuwa da rana ta kan rufe nata ruf. Sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, ta buɗe ta shaƙi iskar kabon, ta ajiye a cikin ganye. Gari na wayewa ta rufe ƙofa ta yi girkinta da abin da ta tara. Ta haka ruwan da ta ke asara kaɗan ne ƙwarai. Abarba da zabuwa ma haka su ke yi. Abin da ta biya a kan wannan dabara shi ne jinkirin girma, gama a ɗaki mai ƙarancin haske ta kan shekara ba ta fitar da sabon ganye ya wuce biyu ko uku ba. Ga mai ofis wannan ba aibi ba ne, don ba za ta cika tukunya da wuri ba. Tana iya yin wata guda cur ba ta sha ruwa ba, a dawo a tarar da ita tsaye kamar jiya aka bar ta.

Ba sai an saye ta ba ma. A ƙarƙashin ƙasa tana da jijiya mai kauri wadda ke tafiya a kwance tana fitar da 'ya'ya. In aka yanke ɗa guda tare da saiwarsa aka dasa, ya kama ke nan. Ana kuma iya yanka ganye gunduwa-gunduwa, kowace kamar tsawon yatsa, a bar su a inuwa kwana 2 bakin ya bushe, sa'an nan a kafa cikin yashi mai ɗan laima. Sai dai a lura da gefen da ke ƙasa tun asali, shi za a binne. In aka juya shi kai ƙasa ba zai yi saiwa ba. Wannan hanya tana son haƙuri, don a kan yi wata 2 ko fiye kafin a ga tsiro. Akwai wata irin moda mai rawayan baki a gefen ganye, wadda masu sayar da furanni suka fi so. Ita in aka shuka ta daga yankan ganye, 'ya'yan su kan fito kore zalla, rawayan ya ɓace. Mai son rawayan sai ya raba jijiya.

Ta biyu baƙuwa ce daga Afirka ta Gabas, daga Kenya da Tanzaniya har zuwa Afirka ta Kudu. Masana suna kiranta Zamiyokulkas, masu sayarwa kuwa su kan taƙaita su ce ZZ. Ba ta yaɗu a kasuwannin duniya ba sai wajen 1996, sa'ad da manoman furanni na ƙasar Holan suka fara renonta da yawa. Ganyenta kore ne mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, har baƙo ya kan taɓa don ya ji ko na roba ne. Rumbunta a ƙasa ya ke, wasu dunƙule-dunƙule kamar dankalin Turawa, cike da ruwa. A ƙasarta in fari ya yi tsanani sai ta zubar da ganye ta kwanta, ruwa na sauka ta sāke tohowa. Saboda haka in aka ga ta zube bayan dogon hutu kada a yi saurin jefar da ita. A tona a duba, in dunƙulen yana da tauri tana da rai. Wajen jure inuwa kuwa ba ta bar wa moda komai ba.

Zabuwa kowa ya san ta, ko da ya ke a birni yanzu an fi jin sunan 'yar'uwarta alobera, wadda a ke sa ruwanta a man shafawa da sabulu. An ce mata zabuwa ne don ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ganyenta. Wajen jure ƙishirwa ba a fin ta, gama ganyen cike ya ke da ruwa mai yauƙi. Amma ita 'yar rana ce. A bakin tagar gabas za ta zauna lafiya shekara da shekaru. In aka kai ta lungu bayan kabad, sai ganyen ya yi tsawo ya sirance, ya kwanta a bakin tukunya. Wanda ofishinsa ba shi da taga mai haske gara ya haƙura da ita.

Akwai kuma wata mai yaɗo kamar dankali, ganyenta kamar zanen zuciya, kore da ɗan rawaya. Ana kiranta fotos, waɗansu kuma su ce mata shukar kuɗi, ko da ya ke ba a taɓa jin wanda ta biya wa kuɗin makaranta ba. Asalinta daga wani ƙaramin tsibiri ne mai suna Moreya a tekun Pasifik. Tana jure inuwa sosai, amma rumbunta ƙarami ne, tana son ruwa kamar sau ɗaya a mako. Kirkinta shi ne ba ta ɓoye damuwarta. In ta ji ƙishirwa ganyen ya kan sunkuya, a ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta miƙe. Ta dace da ofishin da ba a rufewa da daɗewa, kamar na asibiti. A makaranta kuwa sai an sami wanda zai tafi da ita gida lokacin hutu.

Waɗansu shuke-shuken ko sun yi kyau wurinsu waje ne. Kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, tana ɗaukar ido, amma ba ta fure sai a rana tsantsa, ruwanta kuma dafi ne wanda maharba a wurare da dama na Afirka suka yi ta shafa wa kibiya. Ƙerana da tinya suna da farin ruwa kamar nono, in ya faɗa ido yana iya makantar da mutum. Irin waɗannan ba a ajiye su inda yara ke shiga da fita. Ko moda da ZZ da fotos ma ba abin taunawa ba ne, suna sa ƙaiƙayi da kumburi a baki. Wanda ya yanke su ya wanke hannu da sabulu.

In an zaɓi shuka, saura tukunya. Ta ƙasa, irin wadda maginan tukwane su ke yi, ta fi ta roba, gama jikinta yana shan iska, yana kuma tsatsafar da ruwan da ya yi yawa, kamar yadda tulu ke yi. Kowace iri ce dai, lalle ne ta kasance da huda a gindi. A ɗora ɗan tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Kada tukunyar ta fi shukar girma da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ta kan daɗe a jiƙe. Ƙasar kuwa a haɗa mudu 2 na ƙasar gona, da mudu 2 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, da mudu 1 na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Lakar fadama ba ta yi ba sam.

Yanzu sai maganar ban ruwa, wadda a kanta aka fi yin ɓarna. Abin mamaki, irin waɗannan shuke-shuke yawan ruwa ya fi kashe su bisa ga rashinsa. Saiwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai, da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ƙasa ta cika da ruwa kullum, iskar ta fita, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi rawaya ya yi laushi. Mai ofis ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara zuba mata, ya ƙarasa ta. A ofishin da ke da mutane da yawa abin ya fi muni: akawu ya zuba, masinja ya zuba, mai shara ya zuba, wani ma ya juye ragowar shayinsa, kowa yana tsammani shi kaɗai ne mai tausayi. Maganin wannan shi ne a ɗora aikin a wuyan mutum guda. A makaranta a kan naɗa ɗalibi ɗaya daga aji biyar ko shida, ya riƙa rubuta ranar da ya ba da ruwa a jikin takarda kusa da tukunya.

Ba a ba shuka ruwa don yau Litinin ce. Ƙasar a ke tambaya. A tura yatsa cikinta har gaɓa ta biyu. In an ji sanyi da laima a bari. In ta bushe ƙurmus, a zuba ruwa a hankali har ya fito ta hudar gindi, sa'an nan a ƙyale ta sai ta sāke bushewa. Moda da ZZ da bazara su kan so ruwa kamar bayan mako 2, da damina da sanyin hunturu kuwa sai su wuce mako 3. Kada a zuba ruwa a tsakiyar ganyen moda inda ya ke kamar mazurari, don in ya kwanta a nan zai ruɓar da ita.

Farantin da a ke sa wa a ƙarƙashin tukunya don kada ruwa ya ɓata tebur, a zubar da ruwansa nan take. Wannan ba don shukar kaɗai ba ne. Akwai wani sauro baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, shi ne ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi. Ba ya bukatar kududdufi. Ruwan da ke cikin faranti ko gwangwani ya ishe shi yin ƙwai, cikin kwana 7 zuwa 10 kuwa ƙwan ya zama sauro mai tashi. Masu sa fotos a kwalbar ruwa a kan tebur su ma su riƙa sauya ruwan kowane mako, su wanke kwalbar. Bai kamata abin da aka kawo don ado ya zama sanadin kwantar da yaro a asibiti ba.

A kan ji masu talla suna cewa shuka guda a ofis tana tsarkake iskar ɗakin. Maganar ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta bayyana a 1989. An sa shuke-shuke, har da moda, cikin ƙananan akwatuna rufaffu, aka ga suna rage waɗansu gurɓatattun iska. Amma ofis ba rufaffen akwati ba ne. A 2019 masana a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sāke duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shiga da fitar iska ke yi a gini. Watau mai ofis ba zai sami wurin ajiye kujera ba. Mai son iska mai kyau ya buɗe taga.

Da hunturu ƙura ta kan lulluɓe ganye har ya koma toka-toka, ta tare ɗan hasken da ya ke samu. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, ciki da baya. A lokacin gugar ne a ke ganin wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga wanda ke maƙalewa a gindin ganye yana tsotsar ruwansa. In an gan shi da wuri, ruwan sabulu ya isa. A riƙa kuma ɗan juya tukunyar lokaci lokaci, gama shuka ta kan karkata wajen taga.

Ranar da za a tafi babban hutu, a ba moda da ZZ ruwa sosai, a bari ya tsiyaye, a zubar da na faranti. A janye su kaɗan daga jikin gilashi, amma kada a rufe tagogin katako duka ko a saki labule mai kauri, don duhu na mako 6 ya fi ƙishirwa cutar da su. In babu yadda za a yi sai an rufe ofis ruf, a fitar da su baranda inda ruwan sama ba ya bugu, a sa su a bisa benci inda awaki ba za su kai ba. Fotos kuwa in ba mai ɗaukar ta, a cika kwalba da ruwa a ajiye kusa da tukunyar, a sami lagwani na auduga, a tsoma baki ɗaya har gindin kwalbar, a binne ɗaya bakin cikin ƙasa. Ruwan zai riƙa bin lagwanin kaɗan kaɗan, kamar yadda kananzir ke hawa a fitilar ƙwai. A toshe bakin kwalbar da tsumma saboda sauro.